Aladen Mama da Kular Legas

Kuɗin motata zuwa Legas aladen Mama ne, uwar garke, da ciki ma. A tashar Kafanchan ta riƙe mini riga ta ce, "Bulus, ba kyauta ba ne fa. Aladena ka ɗauka, alade za ka dawo mini da shi." Yara, kuna dariya don kun tarar da ita ta tsufa. A lokacin ko dattawan coci kauce mata suke yi.

Na faɗa garejin wani Oga mai gyaran giyar mota, irin ta otomatik. Shi ba ya cewa giya, sai "taransimishan", yana turo baki kamar zai tofar da ƙayar kifi. A gosulon Legas mota takan yini tana rarrafe, man giyar ya yi zafi har ya ƙone. Maganin abin shi ne wata aba da ake kira kula. Ba ta shinkafar biki ba, Ladi, rufe bakinki. Wani ɗan lagireto ne mai faɗin faranti, a ɗaure shi gaban babban lagireton motar, inda iska ke bugawa, a ja masa tiyo biyu, mai ya shiga da zafi, ya huce, ya koma giya. In ana neman tiyon da ke maido da mai, sai a cire ɗaya a ta da mota, a ga ta inda jan man zai feso. Ku faɗi wanda Oga ke ba riƙon tiyon. Duk zamana a can rigata ja take kamar na yi wanka da zoɓo.

Da na ƙware na ce, "Oga, sallama fa?"

"Kasuwa ba kyau."

"Oga, uwata tana jiran alade."

"Ni na ci aladen?"

Ya jawo kwali cike da kuloli ya dire a gabana. "Zinariya ke nan. Kowace mota a garinku sai ta nemi ɗaya."

Na iso garinmu Kagoro ina tafiyar masu kuɗi. Motocin garin kuwa tsofaffin masu giyar hannu ne da ke jigilar citta, sauran duk babura. Gosulo sai in shanu sun tare hanya. Kowace safiya Mama ta leƙo ɗakina: "Injiniya, ka tashi lafiya? Alade fa?" Kunya ta hana ni ko zuwa sujadar Lahadi.

Sai Baba Fasto ya yi ritaya, ikilisiya ta saya masa otomatik 'yar kwatano. Duk hawan tudun Jos sai giyar ta yi zafi ta ƙi ja. Na ɗaura masa kula, na matse tiyo, na ƙara mai. Ya je Jos ya dawo lafiya, ya ɗora mini hannu a ka ya yi addu'a mai tsawo. Ni dai idona ɗaya a buɗe yake, yana kan aljihunsa.

"Ɗana, kuɗi kam babu. Amma aladen Mama Fasto ya haihu."

Na rungumo ɗan alade har gida, ƙwalla a idona. Mama ta juya shi ta duba, ta ce, "Nawa da ciki ya tafi." Sannan ta zaro kula ɗaya daga kwalin, ta ɗaure da waya a bakin ɗakin aladen.

"Ba laifi," in ji ta. "Mutanen Legas sun iya ƙofa."

Ku zagaya bayan gida ku gani, tana nan. Iska na shiga sosai, aladen bai taɓa yin zafi ba.