Wutar da Ba Ta Dafa Komai

Nabbosa: Mama, ina kwana? Kun tashi lafiya?

Mama: Lafiya lau, 'yata. Ya Kampala, ya aiki?

Nabbosa: Da godiya. Ya ƙafar taki? Ya mutanen Masaka?

Mama: Ƙafa da sauƙi. Kin dai durƙusa kafin ki gaishe ni?

Nabbosa: A ofis nake, Mama, amma a zuci na durƙusa. Albishirinki, ƙauyenmu ne ya zo na ɗaya.

Mama: A me? Ɗaga murya, layin yana tsinkewa.

Nabbosa: A murhun nan mai cin itace kaɗan da kamfaninmu ya raba muku. Na'urar jikinsa ta nuna kullum kuna kunnawa. Jibi zan kawo Turawan kamfanin jirgin sama, masu biyan kuɗin hayaƙin da kuka rage, su gani da idonsu.

Mama: Madalla. Ai ban yi fashi ba. Da safe in hura masa wuta, in je in yi girkina.

Nabbosa: Ki je ina?

Mama: Bayan ɗaki mana, kan duwatsuna uku. Tukunyar matoke, ɗanyar ayabar da muke turarawa cikin ganyenta, ina za ta zauna a kan ɗan abin nan? Ba ya ma ba abinci ƙamshin hayaƙi.

Nabbosa: To shi me kike dafawa a kansa?

Mama: Ba komai. Ke kika ce in na'urar ba ta ji zafi ba, aikinki zai tafi. Na bi matan coci gida-gida na roƙe su, kowacce tana yi saboda ke.

Nabbosa: Duk ƙauyen? Wuta biyu kullum?

Mama: Itacen ne dai wahala. Na kan tudu ya ƙare, yanzu har bakin rafi muke zuwa.

Nabbosa: Mama, da wannan ƙafar? Wallahi kunya ta kama ni. An sayar wa mutanen nan hayaƙin da aka ce ba ku yi ba, ashe ƙari kuka yi.

Mama: In an sani, korarki za a yi?

Nabbosa: Ni na sa hannu a kan komai.

Mama: To gobe in hura ko in bari? Alo? Nabbosa, kina ji na?

Nabbosa: Ina ji.

Mama: Katina ya kusa ƙarewa ne ko naki? Faɗa mini da sauri.

Nabbosa: Ki hura, Mama.