Mai Zama a Bencin Gaba

Cin iyakar gonar maraya sata ce, ko da ɓarawon ba ya fashin zuwa coci. A Ƙofar Kuyambana na ji wani dattijo yana hira da wata mata, suna jiran motar Wusasa. Bai san ta ba, littafin waƙoƙin coci da ya gani a hannunta ne ya sa ya saki baki.

"Mama, addu'ata ta daina wuce rufin ɗaki. Shi ya sa na koma bencin gaba."

"Allah ya matso?"

"Tukuna. Amma na saya wa coci sabuwar lasifika."

"Kunnen Allah lafiya lau yake, Baba. Me ka aikata?"

"'Yan kunyoyi ne na gonar ɗan marigayi yayana, a bayan Kufena. Yaron ma bai iya noma ba."

"Ka mayar masa, ka tuba. Yesu ya mutu saboda zunubinka, bai ce ka riƙa zuba masa taki ba."

"Sai bayan kaka, masarar ta yi kyau bana. Fasto dai bai sani ba."

"Zai sani da yamma. Mijina ne."

Ranar Lahadi aka hana shi jibin Ubangiji, wato cin gurasar tarayya a coci, har sai ya mayar da kunyoyin da masararsu.