Mai Sharar Cocinmu

A bencin asibiti, wata mata riƙe da kular abinci ta juya ga budurwar da ke gefenta.

"Matar fastonmu na zo dubawa. Mu a cocinmu, ƙauna ba a baki take ba."

"Wane coci, Mama?"

"Mai koren rufin nan, bayan tasha."

"Ai can mahaifiyata take shara."

"Ayya, tsohuwar nan! Shi ya sa kujeru suka yi datti. Ina ta shiga?"

"Tana kwance a ɗakin can tun watan jiya. An dai aiko sau ɗaya, karɓar makullin coci."

Matar ta sunkuyar da kai, tana murza hannun kular.

"'Yata, yaya ma sunanta?"