Waya a Saifar Sa

A tashar Zakirai muna jiran mota ta cika, wani manomi ya kwance ƙullin tsumma, ya nuna wa dattijon da ke gefensa wata 'yar waya mai tsatsa.

"Baba, dubi abin da aka ciro a saifar san huɗata. Wata biyu yana ramewa, da muka yanka, saifar duk mugunya. Jifa ne. Maƙwabcina Abdussalam ne, tun rigimarmu ta iyakar gona. Wurin hakimi za ni."

Dattijon ya jujjuya wayar a tafin hannunsa. "Malam, shekara arba'in ina fawa. Na ciro ƙusa, na ciro allura. Sa haɗiya yake yi, ba ya tsincewa, in ƙarfe ya huda tumbi sai ya tarar da saifa. Da me kake ɗaure harawarka?"

"Da igiyar rama. To, bana dai ba ta isa ba."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai na ƙona tsohuwar taya na zare wayar."

"Lallai mai jifan nan ɗan gida ne."

Manomin ya sosa ƙeya. "Na fa gaya wa duk unguwa. Har na hana iyalina shiga gidansa."

"Shanu nawa suka rage maka?"

"Ɗaya."

"To sauka ka je ka kwance harawar, kafin shi ma a jefe shi. Sa ɗaya kuma ba ya jan garma. Wa ke da wani a kusa, ku haɗa?"

Manomin ya daɗe yana ƙulle tsummansa.

"Abdussalam," in ji shi.