Wanda Bai Ce Amin Ba

Ruwan sama ya tara mutane a rumfar tashar Gummi. Makau, manomi daga Bukkuyum, ya rungume kwando yana kare shi da riga, wata tsohuwa kuma tana ta leƙe.

"Ɗana, wanga tumatir ƙyanda ta kama shi?"

"Ba tumatir ba na, Inna. Sitiroberi sunanshi. Daga Jos na kawo irin na shuka a Bukkuyum. Manyan otal ka sayen shi."

"Har da hunhunar su ka saye?"

Makau ya ce, "Ruwa na. Ba shi son ruwa bisa kai. Kwana ukku ana zubawa, tun a gona ya fara ruɓewa."

"Shi ya sa ka shuka shi da damina. Sannu da dabara."

"To yaushe a ka shuka in ba damina ba? Sadda ruwa ya ɗauke kwana ashirin, da kin ga yadda ya yi ja! Ran da aka fita roƙon ruwa na bi sahu don kunya, amma wallahi ban ce amin ba."

Tsohuwar ta aje ƙullinta a hankali. Sai lokacin Makau ya lura rumfar ta yi tsit.

"Ni ma 'yar Bukkuyum ta. Ashe gerona na ƙonewa, muna kuka, kai kana cikin sahu kana riƙe muna ruwa!" Ta miƙa tafinta, ruwa ya cika shi. "Baɗi ma ka zo, ka yi shiru. Shirunka ya fi amin ɗinka albarka."