Muryar Baba a Shagon Lado

SUHAIL: Salamu alaikum. Yaya Tayyiba, ina wuni?

TAYYIBA: Wa alaikumus salam. Auta? Lafiya lau. Ya gajiyar hanya?

SUHAIL: Kwana tara fa da dawowata, ai gajiya ta bi lafiya. Ya Wusasa? Ya aiki, ya su Ibtisam?

TAYYIBA: Suna Islamiyya. Ya Inna? Ya ƙarin haƙurinmu?

SUHAIL: Da godiya. Inna lafiyarta ƙalau. Ya maigidan?

TAYYIBA: Kai da ka yi shekara shida a ƙasar Saifurus ba ka kira sai da Salla, yau har da gaida maigida? Kuma ƙarar mashina nake ji. Ba ka gida Ƙofar Gayan.

SUHAIL: Ina unguwar Kongo. Yaya, kwamfutar nan taki da ke ɗakin Inna…

TAYYIBA: Wadda na ce kada ka taɓa sai na kawo cajarta ran Juma'a?

SUHAIL: Na kasa jira. Inna ta ce a ciki kika ajiye karatun da Baba yake yi a zaure, har da saƙon da ya bar mini kafin ya rasu. Ban samu jana'iza ba, Yaya. Muryarsa kawai nake so in ji.

TAYYIBA: Sai ka yi me?

SUHAIL: Na sa cajata. Bakin bai shiga ba, na ɗan danna. Sai na ji ƙas, sai ƙauri.

TAYYIBA: Sai me? Ba na jin ka.

SUHAIL: Ƙauri. Wurin cajin ya karye ta ciki, madabod ɗin, wato babban allon cikinta, shi ma ya ɗan ƙone. Na kawo wa wani mai gyara, Malam Lado. Ya ce zai canza bakin, ya liƙe da dalma, ya bi layin da ya ƙone.

TAYYIBA: Suhail, karatun Baba babu shi a ko'ina sai nan. Wayar da na ɗauka da ita an sace ta a asibiti.

SUHAIL: Kwantar da hankalinki. Ya ce had-dis ɗin bai taɓu ba.

TAYYIBA: Hadisan kawai? Tafsirin fa? Saƙonka fa?

SUHAIL: Ba hadisi ba, had-dis. Rumbun da komai yake ciki. A gabana ya ciro shi ya jona a tasa kwamfutar, har na hango sunan Baba a jere.

TAYYIBA: Alhamdu lillahi. To ka tsaya a kansa, kada ka matsa.

SUHAIL: Na fito salla ne. Ya ce kafin in dawo ya gama gogewa.

TAYYIBA: Ya gama me?

SUHAIL: Gogewa. Duk ta yi datti, maiƙo har cikin madannai. Na ce in dai ya buɗe ta, ya goge ta tas, in kawo miki kamar sabuwa.

TAYYIBA: Shi kuma ya ce me?

SUHAIL: Ya dube ni ya ce, "Duka?" Na ce duka. Ya sake tambaya wai na tabbata, na ce ciki da waje.

TAYYIBA: Auta. Turanci ya cinye maka kunne? Mai gyaran kwamfuta ya jona rumbu, ya tambaye ka sau biyu ko ya goge duka. Tsumma kake zaton zai ɗauko?

SUHAIL: Goge… duka…

TAYYIBA: Kana ji na?

SUHAIL: Inna lillahi.

TAYYIBA: Kira shi yanzu.

SUHAIL: Ban karɓi lambarsa ba.

TAYYIBA: Tun yaushe ka baro shagon?

SUHAIL: Tun kiran la'asar. Ya ce shi ma zai yi salla tukuna, ko ya ce in ya gama zai yi, ban…

TAYYIBA: Wanne ne a ciki?

SUHAIL: Ban sani ba, Yaya. Malam, matsa, don Allah matsa! Ga shagon can, a buɗe yake, yana zaune a gaban…

TAYYIBA: A gaban me? Suhail? Hello? Suhail!