Sanarwar Rasuwa a Cikin Hoto

Assalamu alaikum Malama, barka da aiki. Sani ne daga Kabalaye. Ni makaho ne, wayata ce ke karanta mini saƙo.

Ranar Talata saƙo ya shigo gurup ɗin 'yan kasuwarmu. Waya ta ce "hoto", ta yi shiru. Na ɗauka tallar atamfa ce, na wuce. Ashe sanarwar rasuwar aminina Buba ce, wanda muka daɗe muna tsallaka gadar Ngueli tare. Sai ranar sadakar uku na ji. Na je na zauna, ko hawaye babu.

Jama'a, in kun tura hoto, ku rubuta abin da ke ciki a ƙasansa.

Ina gaida iyalan Buba. Ku yafe ni, ba ƙin zuwa jana'iza na yi ba.